Nas mai ciki a ɗakin tiyata: kunyarmu na cutar da ita

'Yan uwa mazauna kurmi, na Badun da Ikko da Shagamu da Anacha da Fatakwal, da duk inda neman abinci ya kai Bahaushe.

Maganar da zan yi yau na san za ta ɓata wa wasu rai, musamman yayyenmu maza masu auren ma'aikatan asibiti da kuma iyayenmu mata, to sai dai a yi haƙuri da ni. Magana ce a kan 'yan matanmu ƙalilan da Allah ya taimaka suka yi karatun jinya har suka kai ga aiki a ɗakin tiyata, da abin da muke yi musu idan suka samu juna biyu. Abu biyu muke yi. Ko dai mu ce ta ajiye aikin ta dawo gida, ko kuma mu ce ta ja bakinta ta yi shiru kada kowa ya ji sai cikin ya fito da kansa, ta ci gaba da shiga tiyata kamar ba komai, ai Allah ne mai tsarewa. Duka biyun cuta ne, amma ni a ganina na biyun ya fi muni, kuma shi muka fi yi.

Ni dai sakandare na gama na shiga rumfar Baba, goro muke sarowa muna lodi zuwa Arewa kamar yadda kakanninmu suka yi tun da aka kafa Sabon Badun a 1916. Amma yayata da nake bi nas ce ta tiyata a wani asibiti a nan garin, kuma lokacin da ta samu cikinta na fari ni ne mai kai ta aiki a babur in ɗauko ta, saboda haka na ji na kuma gani, na ɗauki littattafanta na karanta abin da zan iya, abin da ya shige mini duhu na tambaye ta har ta gaji da ni.

Kowa ya san al'adarmu. Mace ba ta faɗin ciki, balle na fari. Ko uwarta sai dai ta gane daga laulayi ko daga yadda take ƙin warin miya. Wasu kunya ce, wasu tsoron baki ne da kambun baka, wasu kuma sun ce kada a faɗa a zo a yi ɓari a ji kunya. Shi ya sa za ka ga matanmu ba sa fara zuwa awo sai ciki ya yi wata biyar ko shida. Ga matar da ke zaune a tsakar gida ma wannan ba dabara ba ce, to ina ga wadda ke wuni a ɗakin da ake kunna na'urar hoton ƙashi ana kuma sakin iskar sa barci? Gaɓoɓin jariri, zuciya da idanu da hannuwa da ƙashin baya, ana halittarsu ne tsakanin mako na 3 da na 8 da shigar ciki. Ƙwaƙwalwa kuma ta fi saurin cutuwa da hasken eksire tsakanin mako na 8 da na 15. Ku lissafa da kanku. Watannin da muke cewa a ɓoye su ne daidai watannin da ɗan ya fi buƙatar a kare shi. Kafin cikin ya turo riga har metiron ta gane da idonta, lokacin da ya fi muhimmanci ya riga ya wuce.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan hasken, domin shi mutanenmu suka fi tsoro kuma shi suka fi jahilta. A tiyatar ƙashi, idan za a sa wa wanda ya karye ƙarfe, akwai wata na'ura mai lanƙwasa da ake gungurowa, ma'aikata na ce mata Si-am, likita na taka ta yana ganin ƙashin a allo yayin da yake aiki. Hasken da take fitarwa yana bugun jikin majinyaci ya fantsamo kan na kusa da shi. Ana auna shi da wani ma'auni da ake kira milisibat. Hukumar duniya mai tsara ƙa'idar kariya daga irin wannan haske ta ce ɗan da ke cikin ma'aikaciya kada ya samu fiye da milisibat 1 a sauran watannin cikin. A Amurka sun sa 5 ga dukkan cikin. Don ku gane girman abin, kowane ɗan Adam yana samun kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, ko da bai taɓa taka asibiti ba. Wato ma'aunin da aka sa wa mai ciki ƙarami ne sosai, kuma nas ɗin da ta bi ƙa'ida da wuya ta kai shi.

Ƙa'idar kuwa ba wani sihiri ba ce. Idan ta ninka nisanta da na'urar, hasken da zai same ta ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ta ja baya kamar mita 2, ko ta fita ƙofa na 'yan daƙiƙun da ake taka na'urar, abin da ya rage kaɗan ne. Akwai rigar dalma mai nauyi da ake ratayawa, mai kauri rabin milimita tana tare sama da kashi 90 cikin 100 na abin da ya fantsamo. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu kamar bajo da ake maƙalawa a ƙugu ƙarƙashin rigar, shi ke lissafa abin da ya kai ga cikin, a riƙa kai shi ana karantawa. (Wata gwaggonmu da ta ji an ce rigar dalma sai da ta yi salati, ta tuna da yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010. Waccan ƙurar dutsen zinari ce yara suka shaƙa suka haɗiya, wannan kuwa a rufe take ruf cikin roba.)

To amma ga inda gizo ke saƙar. Lissafin nan na milisibat 1 yana fara aiki ne daga ranar da ma'aikaciya ta sanar da shugabanninta cewa tana da ciki. Idan ba ta faɗa ba, a idon asibiti da idon doka ita da namijin da ke tura gado duk ɗaya ne. Ba wanda zai canza mata jerin aiki, ba wanda zai ce ke fita za a ɗauki hoto. Muna da hukuma a ƙasar nan, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma ta fara aiki a 2001, ita ke sa ido a kan masu amfani da irin waɗannan na'urori. Amma wace hukuma ce za ta kare cikin da mai shi ta rantse babu?

Yayata sai da ta kai wata uku da rabi ba ta gaya wa kowa a wurin aiki ba, saboda uwar mijinta ta ja mata kunne. Ranar da na ce da mijin nata, Yaya don Allah a bar ta ta faɗa wa metiron ita kaɗai, sai ya dube ni ya ce, kai yaro me ka sani, so kake Yarbawan asibiti su riƙa yi da matata? Na ce masa Yaya ai metiron ba kasuwar Bodija ba ce, mutum ɗaya ce, kuma sirrin da ya fi wannan tana riƙewa kullum. Bai amsa ni ba. Allah ya sa ita da kanta ta yi ta maza ta je ta faɗa, kuma a makon aka cire ta daga jerin tiyatar ƙashi aka mai da ta ɓangaren da ba a kunna na'urar. Haka kawai. Ba a rage mata albashi ba, ba a yi shela ba.

Sai maganar iskar sa barci. Wanda za a yanka ana shaƙa masa iska, naitros oksaid ko halotan ko isofuloren ko sebofuloren, kuma ba duka ke shiga huhunsa ta zauna ba. Wata tana sulalewa ta gefen abin rufe hanci, musamman idan yaro ne ana kokawa da shi, wata daga tiyon da ya tsage, wata kuma majinyacin ke fitarwa a ɗakin farfaɗowa inda nas ke sunkuye a kan fuskarsa. Tun a 1967 wani bincike a tsohuwar Tarayyar Sobiyat ya nuna cewa cikin juna biyu 31 na likitoci mata masu sa barci, 18 sun zube. Wannan ya tayar da hankalin duniya, aka yi ta bincike, har a 1977 hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar iyakar da iskar za ta kai a ɗaki. A 1992 kuma aka gano cewa mataimakan likitocin haƙori da ke shaƙar naitros awanni da yawa a mako a ɗakin da babu na'urar zuƙe ta sun fi sauran wahalar samun ciki. Waɗanda ke aiki inda akwai na'urar ba a ga haka a tare da su ba. Wannan shi ne gaba ɗaya sirrin: tiyo ne da ke janye ragowar iskar ya fitar da ita waje, da kuma iska mai shiga da fita a ɗakin. Tambayar da ya kamata miji ya yi wa matarsa ke nan, shin ɗakinku akwai wannan tiyon, kuma yana aiki, ko idan an ɗauke wuta shi ke nan? Maimakon haka tambayar da muke yi ita ce wa ya gan ki da likita namiji.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ba zan daɗe a kansu ba. Hayaƙin da ke tashi idan ana ƙona jijiya da wuƙar lantarki, wanda takunkumin tiyata na yau da kullum ba ya tare shi sosai sai irin N95. Fomalin da ake jiƙa naman da aka yanko a ciki, da ruwan da ake tsoma kayan aiki. Simintin ƙashi mai warin tsiya, wanda a asibitoci da yawa mai ciki ke fita idan ana kwaɓa shi. Tsayuwar awa huɗu ko biyar a wuri ɗaya ba ruwa ba fitsari, da ɗaga ƙaton mutum daga gado zuwa gado. Duk waɗannan maganinsu kujera ce da safar matse ƙafa da wadda za ta karɓe ta ta sha ruwa, kuma duk ba za a yi mata su ba sai an san halin da take ciki.

Abin da ya fi ba ni tsoro ni kam jini ne. Ɗakin tiyata cike yake da allura da wuƙa ana miƙa wa juna cikin sauri. Babban binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su ma sani ba. Idan allurar mai wannan ciwo ta soki wadda ba ta yi rigakafi ba, yiwuwar ta kamu na iya kaiwa 30 cikin 100. Na ƙanjamau da muke ta firgita da shi kimanin 3 ne cikin 1,000. Kuma uwar da ta kamu tana iya ba ɗanta wajen haihuwa ya tashi da shi har girma. Rigakafin nan allura uku ce cikin wata shida, kuma ana yi wa mai ciki ba ya cutar da ɗan. Idan tsautsayi ya sa allurar mai ƙanjamau ta soke ta, akwai maganin da ake fara sha kafin awa 72 a yi kwana 28 ana sha, shi ma mai ciki na iya sha. Amma wallahi na ji da kunnena wani dattijo a majalisarmu yana cewa shi matarsa ba za a yi mata wata allura tana da ciki ba, wai Turawa na son rage mu. Haba Alhaji! Ka yarda ta tsoma hannu cikin jinin mutum goma a rana, allurar da za ta kare ta ce ba ka yarda da ita ba?

Mu da ke Kudu maso Yamma kuma muna maƙwabtaka da Ondo da Edo, inda zazzaɓin Lassa ke tashi duk rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ya kama mai ciki a watanni ukun ƙarshe, sama da kashi 80 cikin 100 ana rasa ɗan ko uwar ko duka biyun. A watan Janairun 2020 likitoci biyu suka rasu a Kano bayan sun yi wa wata mai ciki tiyata, ashe da cutar a jikinta. Mutanen Ikko kuma ba za su manta da 2014 ba, lokacin da Patrick Sawyer ya shigo da Ebola. Kowa na tuna Dakta Stella Adadevoh, Allah ya sani ta cancanta, amma akwai wata matashiyar nas, Justina Ejelonu, sabuwar ɗauka ce a asibitin, tana da ƙaramin ciki, ta yi jinyarsa, cikin ya zube ita ma ta bi shi a watan Agusta. Idan aka kawo mai zazzaɓin da ake zargi, duk shugabar da ta san aikinta ba za ta tura mai ciki kansa ba matuƙar akwai wata. Sharaɗin dai shi ne ta sani.

Na san yanzu masu cewa ta zauna a gida suna murmushi, suna cewa ka ga ni, ai abin da muke faɗa ke nan, aikin nan ba na mai ciki ba ne. To ku saurara. Ku nawa ne kuka taɓa kai matarku haihuwa cikin dare a garin nan, ita ba ta jin Yarbanci ba ta jin Turanci, ana tambayarta yaushe ruwa ya fashe tana kallon silin? Ku nawa ne aka miƙo muku takardar sa hannu a yi tiyata kuka tsaya kuna waya da ƙauye har jini ya ƙare? Ranar da aka ce akwai Bahaushiya a ciki sanye da koren kaya, ta fito ta ce Baba kwantar da hankalinka, ga abin da za a yi, ai kun san yadda zuciya ke sanyi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kimanin 75,000 suka mutu a Najeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, sama da rubu'in na duniya baki ɗaya, kuma kowa ya san yankin da ya fi yawa a ciki namu ne. A farkon 2024 shugaban hukumar rajistar nas-nas da ungozoma ya ce 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. 'Ya'yan wasu suna tafiya Ingila da Kanada da Saudiyya, mu kuma 'yan ƙalilan da muka samu da ƙyar muna mai da su ɗaki da hannunmu. Mace Bahaushiya tana iya haihuwa biyar ko shida. Idan kowane ciki sai ta ajiye aiki, yaushe za ta yi aikin? Kuma kun san ba a ajiye aikin gwamnati a dawo a same shi yana jira.

Masu kawo addini kuma, su tuna da Rufaida Al'aslamiyya da ke da tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, har aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Su kuma tuna da hadisin ɗaure raƙumi da muka haddace tun muna makarantar allo. Baba na rufe rumfa da kwaɗo biyu kowane dare, yana kuma yayyafa wa goro ruwa yana canza masa ganye don kada ya bushe, ban taɓa jin wanda ya ce masa ba shi da tawakkali ba.

Ba ina wanke asibitoci ba ne. A inda yayata take aiki rigar dalma biyu ce ga ɗakunan tiyata duka, ɗaya ta tsage a kafaɗa saboda ana ninke ta ana jefawa a kan kujera maimakon a rataye, kuma bajon awon haske sai da ta yi ta bin ofis kafin a ba ta. Ƙananan asibitocin kuɗi da ke cike unguwanninmu sun fi haka lalacewa, wasu ɗakin tiyatarsu taga ɗaya ce da fanka, kuma da yawa daga masu su da sun ji nas na da ciki sai su fara neman dalilin sallamarta. Wannan tsoron ma yana cikin abin da ke sa mata ɓoyewa, kuma tsoro ne mai dalili. Amma doka na nan. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, kuma ya hana a kore ta tana wannan hutun. Gwamnatin Ikko ta mai da na ma'aikatanta wata shida tun 2014 a haihuwa biyun farko, Kaduna ta yi nata wata shidan a 2019. Akwai ƙungiyar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, NANNM, da take da reshe a manyan asibitoci. Mu nawa ne muka san da waɗannan? Mun san kuɗin lodin tirela daga nan zuwa Sakkwato har da na 'yan sandan hanya, amma haƙƙin matanmu a wurin aiki ko oho.

Ƙarfin da miji ke sawa wajen hana ta faɗa, ko wajen tilasta mata rubuta takardar ajiye aiki, da zai sa rabinsa wajen tsaya mata da an wuce wurin. Ya ce ranar da awo ya tabbatar, ki rubuta wa metiron a takarda ki ajiye kwafi. Ya tambaye ta ko ta cika allurar hanta uku. Ya ɗauke mata girkin dare ranar da ta yi tsayuwar awa shida, ko ya sa ƙannensa su yi. Idan azumi ya zo likita ya ce ta sha, kada ya tsaya yana mata kallon mai raunin imani, sauƙin da addini ya yi mata ba shi ya ba ta ba. Iyayenmu mata kuma masu son a kawo ta goyon ciki tun wata bakwai, a daidaita da hutun da doka ta ba ta, kada a sa ta ƙona shi tun kafin ɗan ya zo sannan a rasa na jego.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Kudu, ku ma ina da magana da ku. Duk shekara ana zuwa gaisuwar Sallah gidan gwamnati ana ɗaukar hoto, ana roƙon kujerar Makka da gyaran kwata. A cikin takardar da za ku miƙa bana a ƙara layi ɗaya a kan asibitocin da matanmu ke haihuwa kuma 'ya'yanmu ke aiki: rigar dalma isasshiya, tiyon zuƙe iska mai aiki, da rigakafin hanta kyauta ga duk ma'aikacin tiyata. Idan rubutawar ce matsala ku aiko rumfarmu bayan La'asar, ina nan.